Teburin Baya

Har yau a gidan abincin da yake aiki ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Matsa-Gefe ake ce masa, tun ranar da ya miƙe tsaye a tsakiyar silima, ana cikin kallon wani fim ɗin soyayya mai ban dariya, ya daka wa jarumin tsawa: "Malam, matsa gefe mana!" Mutane suka tuntsire da dariya, mai gadi ya rako shi waje da tocila.

Bawan Allah ne mai sanyin hali, aikinsa kai wa baƙi abinci. Yana iya jera faranti tun daga tafin hannu har kafaɗa, amma in ya zo gaban yarinyar da ke haɗa lemo a kantar gidan, ko cokali sai ya suɓuce masa. Sun daɗe suna tare. Har ya sayi zobe, yana yawo da shi a aljihun rigar aiki, yana jiran ranar da bakinsa zai buɗe.

Ana nan sai 'yan fim suka ari gidan abincin. Darakta ya rasa masu cika teburin baya, ya zaunar da su biyun.

"Ku yi ta murmushi, ku yi hirarku," in ji shi. "Ba za a ji muryarku ba. Kada dai wanda ya motsa sai na ce a yanke."

Matsa-Gefe ya ce a ransa yau ce ranar. Ya kai hannu aljihu ke nan, ta riga shi magana, haƙoranta a waje kamar mai tallan man goge baki.

"Ka yi haƙuri. Na gaji da jira. Akwai wani, kuma na amsa masa."

Ga kyamara, ga fitila a fuska. Ya ci gaba da murmushi. Jarumin kuwa sai manta maganarsa yake yi, ana ta maimaitawa, su kuma suna zaune suna yaƙe har lemon gabansu ya huce. Kafin fim ɗin ya fito ta yi aure, ta bar aikin.

To, a wannan fitowar ne ƙeyar jarumin take tare rabin fuskarta. Abin da ya tayar da shi tsaye a silima ke nan.

Yanzu fim ɗin yana wayarsa. In ciniki ya lafa, sai ya raɓe bayan firij ya kunna. Rannan kuku ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, ɗan'uwa, fim ɗin dariya kake kallo da jan ido? Gaya mini, a ƙarshe jarumin ya auri yarinyar kuwa?"

Matsa-Gefe ya goge wayar da gefen riga.

"Oho musu. Ni ban taɓa wuce teburin baya ba. A nan har yanzu ba ta tashi ba."