Baba Hezekiah da Labaran Waya

Shekara talatin Baba Hezekiah ya yi yana aikin malamin gona a Gumel, har ya yi ritaya bai koma Filato ba. Tun da 'yarsa Purity ta saka masa manhajar labarai a waya, ya daina fita hira. Kullum da safe yana gindin dalbejiya, yana jan allon da yatsa, yana neman sunan ƙauyensu cikin labaran hare-hare. In bai gani ba ya gode Allah, ya sake farawa daga sama. Wayar ta gane abin da yake nema, sai ta riƙa kawo masa irinsa kaɗai. Ya rame, abinci ma sai an matsa masa.

Wata rana kununsa ya huce bai taɓa ba, matarsa Justina ta ce, "Baban Purity, ka kira ƙanwarka mana, ai ita tana can."

Ya kira. Ta ce lafiya lau, suna girbin acca, ruwa ne dai ya yi musu yawa bana.

"Na gaji, Maman Purity," in ji shi. Ya miƙa mata wayar, ya jingina da bango, barci ya kwashe shi har azahar.