Sunan da Yaya Ya Raɗa

Na haifi ɗana na fari ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, shekara guda da 'yan watanni bayan gobarar babbar kasuwar Terminus. A gidan Babana na yi jego, a unguwar Gada Biyu, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Innata ta daɗe da rasuwa, don haka Ngo, maƙwabciyarmu Kirista da muka shekara ashirin muna jan ruwa a rijiya ɗaya, ita ta ɗaura ɗamara ta karɓi aikin dafa ruwan wanka. Ni a lokacin ko a taswira ba zan iya nuna Iraƙi ba, alhali kuwa malamar firamare ce ni. Abin da na sani kawai, duk inda maza uku suka tsaya sai ka ji suna musu a kanta kamar gonar gadonsu.

Maigidana direban bas ne, mai sanyin hali har yakan ba ni haushi. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa ne ya riƙe shi, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Kowa Yaya yake ce wa wan nan nasa, har ni. Da yana da shagon rediyo da kaset a cikin kasuwa. Da wuta ta cinye, sai ya koma bakin titi da tebur, yana sayar da batir da fostoci. Fostar da ta fi tafiya a lokacin ita ce ta shugaban Iraƙi, mai gashin bakin nan, ya ɗaga bindiga sama da hannu ɗaya.

Ranar da na haihu, maigidana ya yi abin da kowane ƙane mai ladabi zai yi: ya miƙa wa Yaya jaririn ya yi masa huɗuba. Yaya ya kira salla a kunnen dama, ya yi iƙama a na hagu, sannan ya raɗa masa suna. Ba wanda ya tambaye shi wane suna ne, don a danginsu ba a tambaya, sai ranar bakwai liman ya sanar. Kuma me za a tambaya? 'Ya'yan Yaya biyar duk mata ne. Wannan ne namiji na farko, kowa ya san sunan marigayi mahaifinsu za a mayar. Har mata sun fara neman laƙabin da za a sakaya shi da shi.

Rana ta uku maigidana ya shigo ɗakin da nake, ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin mota. Na tambaye shi ko bas ɗin ce ta lalace. Ya ce a'a. Wai ya je wurin Yaya a kan maganar rago da goro, sai Yaya ya gaya masa, yana ta fara'a, cewa sunan shugaban Iraƙi ya raɗa wa yaron. Wai tun yaƙin Iraƙi na farko ya ƙudurta in Allah ya ba gidansu namiji, wannan sunan zai ci.

Dariya na fara yi, na zaci wasa ne. Da na ga bai yi dariya ba sai na ji ɗinkina ya motsa. Na ce, "Kai ka haife shi ko Yaya?"

Ya ce, "Ni ma ai kusan Yaya ne ya haife ni."

Abin da ya tsorata ni ba shugaban ba ne, Babana ne. A zamanin soja Baba yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata. Wata takarda suka rubuta a kan albashi, aka zo aka tafi da shi da rana tsaka, yana alwala. Wata goma sha ɗaya ba mu san inda yake ba. Ya dawo kunne ɗaya ba ya ji, ƙafa ɗaya yana ja. Tun daga nan duk wani mai mulki da kaki, ko a wace ƙasa yake, Baba ba ya son ganin hotonsa.

Ni na gaya wa Baba sunan da bakina, don kada ya ji a waje. Ya sa na maimaita ta ɓangaren kunnen da ke ji. Sai ya ce a kira masa Yaya.

Washegari da la'asar suka zauna a baranda, daidai tagata. Aka gaisa da ladabi, aka tambayi mai jego, sannan aka shiga. Yaya ya ce, "Baba, da girmanka. Mutum yana zaune a ƙasarsa, wasu su tsallako teku su ce sun zo gyara masa gida da bama-bamai? Makaman da suka ce ya ɓoye, ina suke? Man fetur suke so, kowa ya sani."

Ina kwance na ce a raina, wallahi gaskiya ne.

Baba ya ce, "Na yarda ba don Allah suka zo ba. Amma wannan gwanin naka, ka tambayi waɗanda ya zuba a rami? Mutanensa ne fa, masu salla irin taka. Lokacin da nake kwance a ɗaki mai duhu, da ɓarawo ne ya zo da mabuɗi, bin sa zan yi, in na fita na tambayi sana'arsa."

Na ce a raina, wannan ma gaskiya ne.

"To yaran da ake nunawa a asibiti, ba hannu ba ƙafa?" in ji Yaya. "Su ma shi ya jefa musu?"

Baba ya ce, "Ban ce ba a yi ɓarna ba."

"To in an yi ɓarna, ina amfanin?"

"Ka bari a gama ka gani."

Haka suka yi ta yi har aka kira magariba. Duk wanda ya yi magana sai in koma bayansa, ɗayan na buɗe baki in sake komowa. Kaina ya yi zafi, ga nono ya cika yana ciwo, ga yaro yana barcinsa bai san ana yaƙi a kansa ba. Da Yaya ya miƙe zai tafi, Baba ya ce masa, a hankali, "Ɗanku ne, ku ke da suna. Amma na rantse da Allah, muddin aka sa masa sunan nan, bakina ba zai furta shi ba, hannuna ba zai ɗauki yaron ba." Na san Babana. Rashin janye magana ne ya kai shi ɗaki mai duhu.

Da safe Ngo tana watsa mini ruwan zafi da ganye, na tambaye ta wa ke da gaskiya. Ta tsaya da ganyen a hannu.

"Ni ban sani ba fa," in ji ta. "Lokacin rikicin garin nan namu, kwana biyu muna ƙarƙashin gado, ke ma kin sani. Ni na yi addu'a soja ya zo. Soja ya zo, muka fita da rai. Amma yaron ƙanwana ya je neman ruwa, harsashi ya same shi, har yau ba mu san na waye ba. To ki gaya mani, zuwan soja ya yi kyau abi bai yi ba? Juya bayanki, ruwa zai yi sanyi."

Na juya. Na zo neman amsa na samu ƙarin tambaya.

Ana saura kwana biyu suna, Baba ya tafi gidan wani mai janareto kallon labarai. Ya dawo yana sauri da ƙafarsa mai ja, ya ce an ɗaura wa gunkin shugaban igiya an kayar da shi, mutanen ƙasar na dukansa da takalma. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, wa zai sa wa ɗa sunan wanda ake duka da takalmi? Yaya ya aiko da amsa ta bakin maigidana: wai 'yan haya ne aka tara, ba su fi cikin bas biyu ba. Washegari kuma Baba ya koma kallo, ya ga mutane na kwashe gadajen asibiti suna gudu da su, sojojin da suka zo ceto suna tsaye.

Na matsa wa maigidana ya je wurin liman. Liman ya ce babu laifi a canza, uba ke da iko, suna bai zauna ba sai an sanar. Maigidana ya je ya gaya wa Yaya. Yaya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Shagona ya ƙone, ba wanda ya tambaye ni ya na kwana. Mutum ɗaya na gani a duniya da aka taru a kansa bai durƙusa ba. Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. In ka canza, ka canza, amma ka nemi wani wan." Da maigidana ya kawo mini wannan magana, sai na ji tausayin Yaya ya kama ni, abin ya ƙara ba ni haushi, don na riga na shirya tsanarsa.

Ranar suna aka taru a ƙofar gidan Yaya da sassafe. Baba bai je ba. Wata 'yar'uwar maigidana ce ta shigo da guɗa ta faɗi sunan. Wasu matan suka ce barakalla, wasu suka kalli juna. Ngo ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Sauran kwanakin arba'in na yi su a gidan uban da ba ya kallon jikansa. Bai rage mini komai ba. Shi ke sayen itacen wanka, shi ke kawo kanwa da kayan yaji, kullum da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kun tashi lafiya?" Amma in na fito da yaron sai ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su. Wannan abu ya yi mini ciwo fiye da haihuwar.

Shekaru suka ja. Ba a ga makaman ba, Yaya ya zo har gida ya faɗa. Aka tono ramuka cike da ƙasusuwa, Baba ya aika masa da jaridar. Aka zaro shugaban daga wani rami da gemu buzu-buzu, cinikin fosta ya mutu, Yaya ya koma sayar da katin waya. Daga nan kullum sai labarin bam a kasuwa, bam a masallaci, har su biyun suka gaji da aike. Na taɓa tambayar Baba ko har yanzu yana ganin yaƙin ya dace. Ya ce, "Ranar Litinin ina gani, ranar Talata ba na gani." Na ce to rantsuwar fa? Ya ce rantsuwa ba ta san Talata ba.

Yaron ya yi wayo. In mun je Gada Biyu sai ya ruga wurin kakansa da hannuwa a buɗe, Baba ya ja da baya ya ce, "Je ki da shi wurin Ngo." A wurin Ngo zai tarar da alewa, wadda Baban ne ya saya ya ba ta tun da safe. Sau da yawa na yi niyyar daina zuwa, sai in kasa.

Yana da shekara uku da wata takwas aka yi Babbar Salla. Tun kafin a tafi Idi rediyo ya faɗa cewa an rataye shugaban da asubar ranar. Bayan an sauko muka je gaida Baba, har da Yaya, don duk abin nan bai taɓa fasa gaisuwar Salla ba. Na zaci zan tarar da Baba cikin farin ciki. Yana zaune a baranda, rediyo a kashe. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, idanunsa jajur. Baba ya ce, "Ranar Salla. Ko rago ba a wasa wuƙa a gabansa." Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar.

Yaron yana waje da sauran yara, cikin sabuwar shaddarsa. Sai muka ji ihu da tafi, ana rera wani abu. Ya shigo da gudu, hula a hannu, majina har baki.

"Mama, sun ce an rataye ni!"

Na miƙa hannu, amma ya wuce ni. Ya san duk labarin da ya shigo gidan nan daga rediyon kakansa yake fitowa. Ya tsaya a gaban gwiwoyin Baba yana shessheƙa.

"Kaka, mai sunana ne aka rataye?"

Baba ya ce, "Shi ne."

"Mugu ne?"

Na roƙi Allah a raina Baba ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa. Na kalli Yaya, ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Mugu ne."

Yaron ya goge hanci da hannun rigarsa. Ya ce, "Ni ma?"

Ina ganin hannuwan Baba a harɗe a bayansa. Sai ya kwance su, ya ɗaga yaron ya ɗora a kan cinyar ƙafar da ke ja, ya kira shi da sunan, cikakke, sau biyu. Ya ce, "A'a. Kai ba ka yi wa kowa komai ba." Yaya ya tashi ya fita, na ji yana fyace hanci a zaure. Ni kuwa na tsaya riƙe da kwanon cincin, ban san ko murna zan yi ba, don sai da aka rataye mutum ranar Salla kafin ubana ya ɗauki ɗana.

Bayan kwanakin Salla sun wuce, Baba ya yi azumi uku na kaffarar rantsuwa. Bai gaya wa kowa ba. Ngo ce ta lura abincin ranar da take aika masa yana dawowa ba a taɓa ba.