Ɗawafin Kaka a Kan Takarda

Ranar Alhamis ce ta makon da mahajjata suka fara cika gari, shekarar da na shiga aji biyar. Ina zaune a kan benenmu a unguwar Utaibiyya, tsakanin igiyar shanya da kejin tantabarun yayana, ina sassaƙa gindin wani tsohon silifa da reza. Wanke-wanke na jirana a ƙasa, na yi kamar ban san da shi ba. A shekarar ne ƙafafun Kaka suka ƙi, ta daina zuwa Harami, ni kuwa na ƙudura sai na kawo mata Ka'aba har ɗaki.

Kawu Sale, mai buga wa alhazai hotunan tsaraba a unguwar Zahir, shi ya koya min sassaƙa zane a buga shi a takarda. Zanena na farko na cusa masa hasumiyoyi da fitilu da tsuntsaye. Kawu ya duba ya ce, "Ya binti, 'yata, idona ya rasa inda zai zauna." Ya sa na bar baƙin ɗaki ɗaya a tsakiya, ko wane mutum kuma ya zama layi guda, mai kauri ta gaba, siriri ta baya, duk suna kewayawa. Shi na sassaƙa a silifan, na shafa tawada, na danna a takarda, na ruga ƙasa ina ji da kaina.

Kaka ta kai takardar dab da idonta, ta bi layukan da yatsa, sai ta tsaya. "Ke 'yar nan, kin sa min Ɗakin Allah a dama. Wa ya taɓa ɗawafi a baibai?" Ashe bugu juya zane yake yi. Na ji haushi har na yi kuka, amma ban haƙura ba. Na sace ɗayan silifan, na sassaƙa komai a juye, reza ta yanke ni, na ɗaure yatsan na ci gaba. Na buga na biyu, na miƙa mata. Yatsanta ya kama hanya, Ka'aba na hagunsa, leɓunanta na motsi, har ta cika bakwai.

Yanzu a Jidda nake aikin ɗab'i, na'ura ke juya komai. Kwanan baya wata abokiyar aikina, Kirista 'yar Habasha, ta nuna min bugun hoton da mahaifiyarta ke addu'a a gabansa. Addininmu daban, amma nan take na ga yadda layukan ke jan ido su kai shi wuri ɗaya. Sai kewar Kaka ta kama ni. Takardar Kaka tana wurina har yau, tawadar ta koɗe daidai inda yatsanta ya riƙa bi.