Yau Ba Juma'a Ba Ce

Shan inna ya riƙe mini ƙafafu tun ina goye, amma bai hana ni karatun koyarwa ba. Da wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi ta kira ni ganawa, suna neman malamar lissafi, hankalina ƙin kwanciya ya yi. Har sabuwar atamfa na ɗinka.

A tashar Argungu direba ya ɗaure kekena na guragu a bayan mota yana ta mita, wai zai kankare masa fenti. Na yi banza da shi. Har muka wuce Ambursa bitar darasi nake a zuci, ko fadama ban kalla ba.

Mai gadin makarantar, wani dattijo, bai bari na gama sallama ba.

"Allah shi ba da haƙuri, ɗiyata. Yau ba Juma'a ba ce, ran Juma'a ake rabon sadaka."

Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

"Baba, ka ga ƙoƙo a hannuna? Aiki na zo nema."

Sai ya buɗe ƙofa. To, ashe ofis ɗin a saman bene yake. Na aika a faɗa wa shugabar makarantar ina ƙasa, aka ce mai son aiki shi ke hawa. Shi ke nan, na sauka daga keke, na zura silifa a hannuwa, na ja jiki. Masu neman aiki irina suna raɓe mini ina wucewa, sai sannu, sannu. Kafin in kai sama atamfar ta yage a gwiwa.

Shugabar ta dube ni, tausayi fal idonta.

"Wayyo, baiwar Allah, mi ya sa kika wahalar da kanki? Azuzuwanmu duk a sama suke."

Ina ta jira ta yi mini tambaya a kan lissafi, ko guda. Sai ta buɗe jaka, ta dunƙula wani abu, ta cusa mini a tafin hannu. Wallahi gara ta zage ni.

Na ajiye mata a kan tebur.

"Hajiya, mai gadinki ya ce yau ba Juma'a ba ce."

Wata aka ba aikin. Atamfar tana nan cikin akwatina, har yau na ƙi kai ta wurin tela.