Haƙoran Motar Abdulgani

A Kalgo, in aka ce Abdulgani Fita, wato bakanike, tsofaffi kan girgiza kai kafin su ce ya iya aiki. Ya iya kuwa. A soja ya koyi gyaran mota lokacin yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, ya dawo da gwaninta a hannu da ɗaci a baki. Mutum ne da ba ya yafe kallon banza, balle magana.

A 1953 shi da wansa Lukuman suka haɗu suka sayi tsohuwar jif ta soja, irin mai jan ƙafa huɗu. Lukuman ke tuƙi, yana ɗaukar albasa da fasinja tsakanin Kalgo da Gwandu. Abdulgani ke kwance ƙarƙashinta cikin baƙin mai. Duk garin da ta shiga, cewa ake ga motar Lukuman ta iso, kuma wannan kalma tana cin ƙanen kamar gara.

Da damina ta kama, motar ta riƙa kafewa a taɓon hanyar Wurogauri, cikinta na zama a ƙasa. Lukuman bai shawarci kowa ba, ya samo manyan tayoyi a Jega ya sa aka ɗaura. Mota ta yi tsayi, ta yi kyan gani, amma ƙarfinta ya gudu. Ɗan tudun da take haurawa tana waƙa, yanzu sai fasinja sun sauka sun tura.

Lukuman ya sami Abdulgani a rumfa ya ce, “Mi ka yi ma injin ga?”

Abdulgani ya ce, “Inji lafiya lau yake, Yaya. Kai ka ɗaura ma jaki kofaton raƙumi.”

Ya yi masa bayani kamar mai koya wa yaro. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi guda, don haka inji yana shan wahala kafin ya juya ta. Maganin shi ne a canza haƙoran da ke cikin aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, a sa waɗanda za su bar inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta yi ɗaya. Kuma na gaba da na baya dole su zo iri guda.

Suka tafi Gusau tare. Wurin masu tsofaffin ƙarafa suka tarar da iri biyu. Ɗaya cikakke ne, gaba da baya, yana ba da ƙarfin ja sosai amma yana rage gudu. Ɗayan matsakaici ne, ga gudu ga ɗan ƙarfi, sai dai na baya kawai ya rage. Abdulgani ya ɗora hannu a kan na farko.

Lukuman ya ce, “Ba ni tuƙa kunkuru ana yi mani dariya a tasha. Wanga nika so.”

“Ba shi da ɗan'uwa a gaba.”

“Ni ne babba ko kai?”

Masu sayarwa suka daina aiki suna kallo. Abdulgani ya janye hannunsa. Da suka dawo gida ya ɗaura abin da aka zaɓa, ya ɗaura shi tsaf, don ba ya lalata aiki ko na maƙiyinsa ne. Da ya gama yana goge hannu ya ce, “In kana da kunne, kada ka kuskura ka sa ja na gaba.” Ya faɗa ne gaban jama'a, da muryar da ya tabbata za ta sa wansa ya ƙi ji.

Wata ranar kasuwar Gwandu yashi ya kama motar kusa da Maruda. Lukuman ya sa ja na gaba, ta fita, bai cire ba ya hau busasshiyar ƙasa. Tayoyin gaba da na baya suka shiga jayayya, kowanne da saurinsa, sai aka ji ƙara a cikin motar kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Mai ya tsiyaye. Fasinja suka ɗauki kayansu a ka, albasa ta kwana biyu a rana da ruwa har ta fara wari.

Mahaifiyarsu, Inno, ta kira su ɗakinta. Lukuman ya rantse ƙanensa ya yi masa tarko. Abdulgani ya ce ya faɗa, akwai shaidu.

Inno ta dube shi ta ce, “Ka faɗa, awo. Amma don ya ji ka faɗa, ko don a ce ka faɗa?”

Abdulgani ya san zai iya gyara motar cikin mako guda, kuma ya san ba zai gyara ba sai Lukuman ya roƙe shi. Lukuman kuwa ya gwammace ya mutu.

Da Inno ta rasu a shekarar da ta biyo baya, suka raba motar kamar naman layya. Lukuman ya kwashe inji ya koma Gwandu ya kafa injin niƙa, ya yi aure na arziki, bai sake riƙe sitiyari ba. Abdulgani ya ɗauki aksul da tayoyin ya haɗa amalanken shanu, wanda ya yi shekaru yana jigilar shinkafa daga fadama a wuraren da lori ba ta shiga. Daga baya ya koma gyaran kekuna da fitilu. Matarsa Kubura takan aika wa iyalin Lukuman kifi a ɓoye, su kuma su aiko da garin tuwo. Abdulgani ya san garin da yake ci daga ina ya fito. Yakan cinye tuwonsa tas, ya wanke hannu, ya ce niƙan bai yi laushi ba.