Layin da ya faɗa kusa da makinta

Shekararmu ta ƙarshe a kwalej ɗin Illela, tabur ɗaya, wato teburin aji, muke zama da wata yarinya daga wani ƙauye bayan Badagishiri. Hannunta kullum da ƙanshin albasa, don tana taya babanta ban ruwa a garka, lambunsu na albasa, duk hutu. Ba ta da surutu, ni ma haka. Idan ta riga ni gama lissafi, sai ta turo kayenta, littafin da take rubutu a ciki, gefena kaɗan ba tare da ta dube ni ba.

A shekarar ne wata ƙungiya ta buɗe gidan kwana don 'yan matan ƙauye da za su wuce lise, makarantar da ke gaba da kwalej. Gadaje ba su da yawa, sai aka ce a jera makinsu daga ƙarami zuwa babba, a raba gida huɗu, na gidan sama, masu maki mafi yawa, su shiga. Ni gidanmu cikin gari yake. Ita kuwa gwaggon da ke riƙe da ita za ta koma Konni, kuma babanta ya riga ya faɗa: in babu masauki, babu lise.

Ranar da aka yi rabon ni ke da shara. Ina share gindin tagar buro, ofishin makaranta, na ji an ambaci sunanta. Mushen lissafi ne, wato malaminmu, tsaye da kalkuleta a hannu, sakatare yana zaune gaban kwamfuta.

"Ɗiyag ga ta shiga," in ji mushe. "Dubi nan."

"Mushe, kalkuletarka ta tsufa kamar mai ita. Ga abin da kwamfuta ta hiddo. Layin gidan sama ya ɗara makinta."

"Da mi ya ɗara?"

"Ko da ƙwayar hatsi ne, ya ɗara."

"To wa ya yi kure cikinmu?"

"Ni dai abin da ta buga shi nika aikawa. Zamna ka sha shayi, ya huce."

Na ji ƙarar kujera. Ban fahimci komai ba a lokacin, sai dai na lura mushe ya daɗe bai kashe kalkuletar ba.

Da aka karanta sunayen waɗanda suka samu gado, babu nata. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara hijabinta mai ruwan ƙasa, ta miƙo mini rularta, ta ce a garka ba a buƙatar ta. Ranar kasuwa ta hau mota tsakanin buhuna. Ban ƙara ganin ta ba.

Bana, a lise, muka kai darasin da ake kira kartil, wato layukan da ke raba jerin lambobi gida huɗu. Malamarmu ta kai mu ɗakin kwamfuta, ta ce mu lura: sau da yawa layin ba ya faɗawa kan lamba, sai tsakanin lambobi biyu. To a nan ake rabuwa. Wasu su ɗauki ta ƙasa, wasu su tsaya a tsakiya, wasu su matsa kusa da ta sama. Kalkuleta da tata hanyar, kwamfuta kuma a cikinta kaɗai akwai hanya biyu.

Wata daga baya ta ce, "Madam, to wace ce ta gaskiya?"

"Duka daidai ne," in ji ta. "Ki dai faɗi wadda kika bi."

Aji ya yi dariya. Ni kuwa sai na tuna maganar da na ji a gindin tagar buro. Na zuba lambobin da aka ba mu, na zaɓi hanya ta farko, wata lamba ta shiga gidan sama. Na canza, ta fita. Na mayar, ta dawo. Ina ta yi har aka kaɗa ƙararrawa, kuma wallahi ƙanshin albasa nake ji a ɗakin, alhali babu komai sai ƙura da zafin na'ura.

Hanyata ta zuwa gida ta bayan gidan kwanan take bi. Da yamma 'yan matan suna shanya wanki a kan katanga. Na san ba ta ciki. Amma ta ɗaya hanyar lissafin, ta kalkuletar mushe, tana ciki, tana da gado kusa da taga, ta riga kowa gama lissafi. Kullum sai na rage tafiya ina duba katangar, ko akwai hijabi mai ruwan ƙasa.