Juma'ar da Baba Bai Kira Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Juma'a, na lura Baba bai kira ba. Tun zuwana Alƙahira bai taɓa saɓa wannan lokacin ba. Kundin digirina a kan maƙalolin da Amurkawan farko suka buga a jaridu ne, suna lallashin jihohinsu su amince da tsarin mulki guda. Duk mako nakan fassara masa ɗaya da Hausa. Tsohon malamin makaranta ne mai son gardama, yakan ce tsoron juna ne ya koya wa mutanen nan rubutu.

Na kira yayana, ya ce wayar Baba ce ta faɗa ruwa. Na ci gaba da fassarar a littafi, kowace da lambarta, don in karanta masa in an gyara wayar. 'Yan ɗakinmu a unguwar Madinat Nasr suka daina barina in yi girki, in na shigo sai hira ta tsaya. Duk na gani, amma tsoro ya hana ni tambaya.

Ranar da na kare kundin a gaban malamai, tun kafin in hau mota na kira Umma.

"Umma, don Allah ba ni Baba."

Sai ta ce:

"Yi haƙuri, 'yar nan. Mako uku ke nan da aka kai shi makwancinsa. Shi ya ce kada a faɗa miki sai kin gama."